Ledar Kantar Umma

Tun da hasken idon Umma ya fara tafiya, magana ɗaya ke haɗa ni faɗa da Yaya. Shi yana so ya ɗauke ta ya kai ta gidansa, ita kuma ta ce daga ɗakinta sai kabari. Ni ban taɓa ɓoyewa ba, bayan Umma nake. Ni ce auta, ni ke biyawa ta wurinta kullum idan na tashi daga shagon ɗinki, saboda haka ina ganin na fi kowa sanin abin da take iyawa da abin da ya fi ƙarfinta. Yaya kuwa sai jefi-jefi yake leƙowa, tsaraba a hannu, shawara a baki.

Ɗaki biyu ne da kicin a saman wani tsohon bene, nan muka tashi mu duka. Kicin ɗin ɗan tsukuku ne, mutum biyu ba sa gilmawa sai sun gogi juna. Doguwar kanta ce, wato teburin girki, a jikin bango, ta taso daga bakin famfo, ta bi ƙarƙashin taga, ta dire a murhun gas. Baba, Allah ya jiƙansa, kafinta ne, shi ya haɗa ta da hannunsa a shekarar da suka tare, ya shimfiɗa mata leda koriya a kai, ya danne bakinta da siririn katako. Ba irin ledar robar nan ta yanzu ba da ake shimfiɗawa a ɗaki ta yage kafin shekara. Tsohuwar leda ce mai kauri, wadda ake yi da mai da garin katako a kan algarara. Baba yakan ce mai ne ranta, duk abin da ke cin mai zai ci ta.

Umma ta riƙe wannan maganar kamar karatu. Mun buɗe ido mun tarar da dokokin kanta, kuma ba a ɗaukaka ƙara. Ba a yanka komai a kanta sai an sa katako. Ba a ɗora mata abu mai zafi. Ba a barin ruwa ya zauna a kanta ko ɗigo ne, domin idan ya sami kafa ya shiga ta baki, sai ta kumbura ta ɗago. Wankinta ruwan ɗumi ne da ɗan sabulun wanke-wanke, kaɗan, wanda ko kumfar kirki ba zai yi ba. A matse tsumma har ya daina ɗiga, a goge, a bi da busasshe nan take. Lokaci-lokaci kuma, idan ta ji ledar ta fara kama hannu, sai ta ɗauko gwangwanin kakin zuma da Baba ya koya mata narkawa da ɗan mai, ta lakata da bakin tsumma, ta shafa siriri, ta bari ya sha iska, sannan ta murza har sai ka hango taga a ciki. Ina yarinya na taɓa tambayarta wa ta fi so tsakanina da kantar. Ta ce kantar ba ta mayar da magana.

Sau ɗaya aka taɓa karya dokar zafi, kuma Yaya ne ya karya ta. Yana ɗan makaranta ya sauke ƙaramar tukunya daga wuta, ta ƙone masa yatsu, ya dire ta a kan ledar kusa da murhu. Ta bar baƙin zobe mai ɗan tudu. Ya sha faɗa ranar, kuma tun daga nan sunan wurin ya zama tabon Babba, don Babba Umma ke kiransa. Har ya yi gemu, idan ya shigo kicin sai ya ɗora faranti a kan tabon don kada a tayar da zancen.

Da likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa, na zaci kicin ne zai fara gagararta. Sai na ga akasin haka. A falo takan yi karo da kujera, a matakala sai an riƙe ta, amma da ta sa ƙafa a kicin sai ta miƙe kamar an rage mata shekaru. Na daɗe ina kallo kafin na gane dalili. Hannunta na hagu ba ya barin kantar. Shekara da shekaru tana goge wuri ɗaya, tana dafa wuri ɗaya, sai gefen gaba ya yi santsi fiye da sauran, ya zama wata 'yar hanya mai faɗin tafin hannu daga famfo zuwa murhu. Can wajen bango ledar ta fi kaushi, nan gwangwanayen sukari da ganyen shayi suke, kowanne ya yi wa kansa ɗan gurbi. Idan ta sauke buta daga wuta, sai yatsunta su bi santsin nan har su ci karo da tabon Babba, daga tabon kuma yatsu huɗu ne zuwa katakon da take ɗora buta. Ban taɓa ganin ta yi kuskure ba.

Na gaya wa Yaya. Na ce, "Umma ta san kicin ɗinta da hannu, ka ƙyale ta."

Ya ce, "Auta, ke komai sai kin mai da shi labari. Wuta ce fa, da tafasasshen ruwa, da tsohuwar da ba ta gani."

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

"Ranar da ta ƙone, karin maganarki ne zai yi jinyarta?"

Ba zan ce ba shi da gaskiya ba. Tsoro yake ji, kuma Yaya idan yana jin tsoro umarni yake bayarwa. Aikinsa ma ya ƙara masa. A kamfanin madara yake, shi ne shugaban masu wanke tankuna, mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yaƙi da ƙwayar cutar da ido ba ya gani. A wurinsa abu bai tsabtata ba sai ya sha soda da burushi, har ya yi ƙara idan ka ja yatsa a kai. Maiƙo kuwa, ko na mene ne, abokin gabansa ne.

Umma ce ta raba gardamar. Ta ce masa, "Babba, ka zo ka wuni a nan. Ka zauna a kujerar can ka zuba ido, in dafa maka shayi, in yi girkina, in wanke kayana. In ka ga abin da ya tsorata ka, ni da kaina zan ɗaure kayana in bi ka. In ba ka gani ba, ka rabu da ni."

Ya ce ya yarda, ai gani ya kori ji. Bai lura da abin da ya fito daga bakinsa ba, Umma kuwa dariya ta yi.

Aka sa rana. Ta zo daidai da ranar komawarta asibitin ido, amma muka ce ai da safe ne, kafin rana ta take mun dawo. Yaya yana da mabuɗi, aka ce in ya riga mu ya shiga ya jira. Layin asibiti ya ja, likita ya makara, muka daɗe fiye da yadda muka zata. Yaya kuma ba ya iya zama haka kawai, tun yana yaro.

Tun daga matakala na ji warin. Wari ne mai yaji a hanci, irin na asibiti idan an gama wanke ƙasa. Umma ta tsaya ta ɗaga kai. Hannunta ya matse damtsena.

Muka same shi a kicin, ya naɗe hannun riga, safar roba har gwiwar hannu, gumi na zuba, fuskarsa cike da murna. Ga bokiti a ƙasa, ruwan ciki baƙi-baƙi kore-kore. Ga galan ɗin sodar da ya saba yawo da shi a bayan mota, ga soson ƙarfe, ga wuƙar kankare fenti.

"Umma, sannunku da dawowa," in ji shi. "Na ga zaman banza ba daɗi, na ce bari in rage miki aiki. Dattin da na cire a kantar nan, da kin gani da ba ki ƙara ajiye abinci a kanta ba. Maiƙo ne ya taru ya daskare, kusan kaurin farce. In har za ki zauna a nan, to ki zauna cikin tsabta."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta hana ni zaginsa nan take. Ashe da niyyar yarda ya zo. Gyara mata wurin yake yi don ta zauna.

Na dubi kantar. Koren da na sani tun ina rarrafe, mai duhu da sheƙi, ya tafi. Ta yi fari-fari, ta bushe kamar ƙafar da ta kwana biyu ba ta ga mai ba, duk jikinta zanen soso. Gwangwanayen ya wanke su ya jera a kan taga, daga babba zuwa ƙarami. Katakon buta ya kankare shi ya ajiye can tsakiyar kanta. Tabon kuwa babu shi, ya bi shi da wuƙa har ya daidaita da sauran.

"Har abin kunyata na cire," ya ce yana dariya. "Yau dai na huta da gori."

Umma ta saki hannuna ta matsa. Ta ɗora tafinta a bakin famfo ta ja shi a hankali zuwa murhu. Ina jin ƙarar fatarta a kan ledar, abin da ban taɓa ji ba. Ta kai ƙarshe, ta dawo, ta sake. Na buɗe baki zan yi magana, sai ta juyo da fuskarta wajena ta ce, "Auta." Iyakar abin da ta ce ke nan. Na haɗiye maganata.

"Sannu da aiki, Babba," ta ce. "Ka sha wahala. Zauna in dafa maka shayin."

Na ce, "Umma, a bari sai wata rana mana, kin gaji."

Ta ce, "Yau aka sa."

Yaya ya cire safar ya ja kujera ya zauna a bakin ƙofa. Ni na tsaya a bayansa. Ta tari ruwa a buta lafiya lau, famfo dai yana inda yake. Ta kunna murhu lafiya lau. Da ta miƙa hannu wajen bango neman ganyen shayi sai ta damƙi iska, ta sake miƙawa ta damƙi iska. Yaya ya ce, "Suna kan taga, Umma." Ta ce to. Ta lalubo su, ta buɗe ɗaya ta sansana, ta mayar, ta buɗe wani. Na ga Yaya ya gyara zama.

Ruwa ya tafasa. Ta kashe wuta, ta sa tsumma ta ɗaga butar da hannun dama, hannun hagu ya sauka kan kanta neman hanyarsa. Ya yi gaba, ya yi baya. Ya dawo kusa da murhu, inda tabon yake a da, yana zagaye wurin da kan yatsa. Ba santsi, ba tudu, ba katako. Butar cike take, tururi na dukan wuyan hannunta, hannun ya fara rawa. Murhun yana nan a gefenta, amma ta riga ta juya, ta rasa ta ina yake. Kantar kuma ga ta nan a ƙarƙashin hannunta, fili guda, ko'ina ta dire butar ta huta. Ba ta dire ba. Ko a yadda ledar ta koma, Umma ba za ta ɗora mata zafi ba.

Ruwa ya fara fantsala daga bakin butar yana sauka kusa da ƙafarta.

"Babba," ta ce a hankali, "karɓi."

Ya yi tsalle ya karɓa. Tun da nake ban taɓa jin Umma ta ce wa wani ya karɓar mata wani abu a kicin ɗin nan ba. Ta dafa bango ta fito falo, ta zauna, ta ajiye hannuwanta a cinya. Can ta ce, "Alkawari kaya ne. Auta, sauko mini da akwatina."

Yaya ya dube ni, ba da izgili ba, da tausayi, ya ce, "Kin gani ko?"

Nan haƙurina ya ƙare. Na ja shi waje kan matakala don kada Umma ta ji, ko da yake na san maƙwabta ma sun ji. Na gaya masa abin da ya kira maiƙo kakin Umma ne, shafa a kan shafa tun kafin a haife shi. Na gaya masa hanyar da ke gefen gaba, da gurabun gwangwanaye, da abin da tabonsa yake yi mata. Na ce masa idonta na biyu ya kankare ya zuba a bokiti. Na ce garin neman gira ya sa an rasa ido, na ji nauyin maganar bayan ta fita, amma ban janye ba. Fushi nake sosai, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne babu mugun da zan tsana, sai ɗan'uwana da ya wuni yana gumi don uwarsa.

Ya koma ciki ya tsaya a gaban kantar, ya rufe ido, ya ja hannunsa a kai. Sannan ya zo ya durƙusa gaban Umma.

"Umma, wannan bai zama gwaji ba. Ni na ɓata. A sake sa rana."

Ta ce, "Cewa na yi in ka ga abin da ya tsorata ka. Ka gani ko ba ka gani ba?"

"Na gani, amma ni na jawo."

"To ni ma na tsorata, Babba. Ban taɓa jin tsoron kicin ɗin nan ba sai yau. Tashi ka ɗauki akwatin."

A gidan Yaya ba abin da ba a yi mata ba. Ɗakinta a ƙasa, ba matakala. Matar Yaya mutuniyar kirki ce, tana kawo mata shayi tun kafin ta nema. Kicin ɗinsu babba ne, kantarsa dutse ne mai sanyi, santsi ɗaya daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Umma ta shiga sau ɗaya, ta shafa shi, ta ce ya yi kyau, ba ta sake shiga ba. Idan na je sai in same ta a bakin gado, hannunta na hagu yana tafiya a kan gwiwarta, gaba da baya, ita ba ta ma sani ba. Ta rame. Ta daina tsokanata, ni kuwa wannan ya fi ramar tayar mini da hankali. Idan na fito daga wurinta sai na tsaya a waje na share hawaye kafin in tari mota.

Yaya bai saki ɗakunan Umma na bene ba. Ya fara tambayata yadda ake gyara ledar, na ce ya je ya tambayi tankunansa. Sai ya je wurin Umma da kansa, ina zaune.

Ta ce, "Ba ta dawowa yadda take, ka san da wannan. Sodar ta sha man jikinta."

"Na sani. Ki dai gaya mini."

"Ka fara ɗauraye ta da ruwa zalla, ka matse tsumman sosai, ka yi ta maimaitawa har warin ya fita. Ka buɗe taga ta bushe. Kada ka yi gaggawa. Sannan kakin yana can ƙasan kabad, ka lakata kaɗan, kamar za ka shafa wa jariri. Ka bari ya sha iska kafin ka murza. Kada ka yi mata aikin tanki, lallaɓa ta za ka yi."

Duk ranar hutunsa can yake wuni. Idan ya dawo sai ta ce ya miƙo hannu, ta sansana, ta murza yatsunsa da nata. Wata rana ta ce ya cika kaki, zai sa ta danƙo. Wata rana ta ce hannunsa ya yi sanyi, ruwa ya yi yawa a tsumman. Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce to, mutumin da ma'aikata ke rawar jiki idan ya shigo. Na lura a ranakun nan ne kawai muryar Umma ke dawowa. Ni ma fushina ya fara sauka, ko da yake ban gaya masa ba.

An ɗauki watanni. Wata safiya ya ce mu je ta duba. Muka riƙe ta muka hau matakalar, tana hutawa a hanya. Da ya buɗe ƙofa ƙamshin kaki ya tare mu, ba sauran warin soda. Kantar ta yi duhu, ba kamar da ba, akwai wuraren da farin ya ƙi ɓuya, amma tana sheƙi, har ka hango taga a ciki. Gaskiya ya yi aiki.

Umma ta ɗora tafinta a bakin famfo ta ja. Babu ƙara wannan karon. Ta kai murhu, ta koma ta wajen bango ta sake ja, ta bi tsakiya ta sake.

"Ka yi aiki mai kyau," ta ce. "Ya ma fi nawa. Ba inda ka tsallake."

Yaya ya saki numfashi.

"Shi ne kuma matsalar. Ko'ina santsi ɗaya ne. Ban san inda nake ba."

Yaya mutum ne da ba ya barin lungu, ya bi kowane gefe da adalci, ya mai da ita kamar dutsen gidansa. Hannun Umma ya koma ya dafa gefen murhu, ya ɗan ja baya, yatsanta ya tsaya a wuri ɗaya yana zagayawa.

"Nan yake," ta ce, kamar da kanta take magana. "Kullum da safe sai na taɓa ka a nan kafin in ajiye buta. Kai kana ganin abin kunya ne. Ni kuwa tun ina gani nake taɓa shi."

Yaya ya sunkuya ya buɗe kabad, ya yi ta lalube har ya ciro ƙaramar tukunyar nan, tsohuwa, mai hannu ɗaya. Ya kunna murhu ya ɗora ta babu komai a ciki. Na gane abin da zai yi.

Umma ta ce, "Me kake ɗorawa?"

"Ki bar yatsanki a wurin, Umma. In na ce ki ɗauke, ki ɗauke."

Tukunyar ta fara ƙauri. Ya sa tsumma ya ɗauko ta, ya ce ta ɗauke yatsa, ya dire ta daidai wurin. Ledar ta yi ɗan ƙara, ƙaurin mai da kaki ya tashi ya cika kicin.

"Babba, zafi a kan leda?" in ji Umma, da muryar nan tata ta da, wadda ke sa mu ɓuya a bayan ƙofa. Sai kuma ta karkata kai tana sauraro. Bayan ɗan jim ta ce, "Ɗage. Ya isa haka, kada ta huje."

Ya ɗage. Baƙin zobe, mai ɗan tudu. Muka jira ya huce. Sannan ta ɗora yatsa ta zagaye shi, ta auna yatsu huɗu, ta ce in miƙo mata katakon, ta ajiye shi a wurin. Ta ce a sauko da gwangwanayen, ta jera su a jikin bango da kanta.

"Hanyar kuma fa?" in ji Yaya.

"Hanyar ni zan sake ta, hannuna bai mutu ba. Kai dai daga yau gugarka ta tsaya a wajen bango, gaba nawa ne. Zauna, shayinka ya daɗe yana jira."

Ya zauna a kujerar bakin ƙofa. Ta tari ruwa, ta kunna wuta, ya tafasa. Ta ɗaga butar, hannun hagu ya sauka, ya ɗan yi jinkiri, ya sami tabon, ya wuce zuwa katako. Ta dire butar. Ta zuba mana mu biyu, ta ce nawa ba sukari tunda bakina ya yi kaifi da yawa kwanan nan. Yaya ya riƙe kofinsa da hannu biyu, hawaye na sauka a gemunsa, bai goge ba. Washegari shi da kansa ya dawo mata da akwatinta.

Ba ta daɗe sosai ba bayan haka, shekara ɗaya da wani abu. Amma a ɗakinta ta yi su, tana dafa shayinta, tana faɗa da ni a kan tsumma mai ɗiga, kuma a ɗakin ta cika kamar yadda ta ce.

Ranar da muka je kwashe kaya, na gama ɗaure na falo na leƙa kicin na sami Yaya tsaye a gaban kantar, idonsa a rufe. Ya ce in zo in ba shi hannuna. Ya ɗora shi a bakin famfo ya ja a hankali ta gefen gaba. Hanyar tana nan, siririya, ba ta kai ta da ba, amma yatsa yana jin bambancinta da sauran. Muka bi ta har zuwa tabon. Gefensa ɗaya, ta inda yatsanta ke fara sauka, har ya soma lafewa.

Masu ɗaukar kaya suna ta kira daga ƙasa. Yaya ya ce su jira. Ya ɗebi ruwan ɗumi, ya ɗiga sabulu kaɗan, ya matse tsumman har ya daina ɗiga, ya goge kantar daga famfo zuwa murhu, ya bi da busasshe.